Yadda Ake Tsintar Tangaran Mai Daraja a Kasuwannin Gwanjon Ingila Don Sayarwa

'Yan'uwa mazauna Ingila sun sha tambayata: wai da gaske ne mutum zai sayi tulun fure na fam 3 a kasuwar gwanjo, ya sayar da shi fam 40? Da gaske ne, sai dai ba kullum ba, kuma ba sa'a ce kaɗai ke kawo shi ba. Mafi yawan abin da za ka ɗaga a teburin mutane tarkace ne. Ribar wannan sana'a a wurin saye ake cin ta, tun kafin kaya su shiga jakarka. Wanda ya sayi abu da tsada, ko ya sayi mai tsaga bai lura ba, babu irin hoton da zai ɗauka ya cece shi. Ga matakan kamar yadda nake bin su.

1. Duba takardunka tukuna

Idan bizar ɗalibi gare ka, dakata a nan. Wannan biza ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba, kuma saye don sayarwa sana'a ce a idon hukuma, ko da a ɗakin kwananka kake yin ta. Sayar da tsofaffin kayanka daban, fatauci daban. Kada ribar kofi ta jawo maka asarar karatu.

Wanda takardunsa suka ba shi dama, ya riƙe lamba ɗaya: fam 1,000. Muddin cinikinka gaba ɗaya, ba riba kaɗai ba, ya wuce haka a shekarar haraji, wadda ke farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu mai zuwa, dole ka yi rajista da HMRC, hukumar harajin ƙasar. Tun Janairun 2024 dandalolin sayar da kaya ta intanet, su eBay da Etsy da Vinted, ke tattara bayanin duk wanda ya yi ciniki 30 ko ya tara kimanin yuro 2,000 a shekara, su miƙa wa hukumar. Sayi ƙaramin littafi tun ranar farko, ka riƙa rubuta abin da ka saya, a ina, nawa, da yadda ya fita.

2. Zaɓi iri biyu ko uku, ka san su kamar yunwar cikinka

Babban kuskuren sabon shiga shi ne son sanin komai. Tangaran teku ne. Ka ɗauki kamfani biyu ko uku, ka yi mako biyu kana kallon hotunansu da tambarin da ke ƙasansu, har idonka ya riƙa gane su daga nesa.

Ga mai ƙaramin jari, tulunan Jamus ta Yamma su ne makarantar farko. Launinsu ja ne ko ruwan lemo ko ruwan ƙasa, wasu jikinsu gurji-gurji kamar narkakken dutse. A ƙasansu za ka ga W. Germany da lambobi biyu, misali 517-30: ta farko lambar siffa ce, ta biyu tsawon tulun a santimita. Da yawansu na kamfanin Scheurich ne. Ƙananan ba su da wata riba, manyan da ake ajiyewa a ƙasa su ake nema. Sai kayan kicin na Hornsea, musamman gwangwanayen shayi da sukari masu murfin katako, da farantan Poole masu kaifin launi da tambarin kifin dolfin.

In ido ya buɗe, sai a hau zuwa Troika, wanda aka yi a Cornwall daga 1963 zuwa 1983, mai kusurwa-kusurwa da kaushin jiki, da Moorcroft na Stoke-on-Trent, wanda zanen furanninsa ke da layi mai tudu da yatsa ke ji. Gargaɗi a nan: duk sunan da ya yi tsada, jabunsa na yawo. Jabun kayan Clarice Cliff, shahararriyar mai zanen tangaran ta Ingila, suna da yawa, kuma akwai Troika da aka bari ba fenti lokacin da aka rufe kamfanin, daga baya wasu suka fente su. Kada ka zuba kuɗi mai nauyi a kansu sai ka taɓa na gaske da hannunka a ɗakin gwanjo.

Abin da za ka wuce ko kallo: farantan tunawa da bikin sarauta, farantan ado da aka sayar da takardar shaida, ƙananan akwatunan Wedgwood masu ruwan bula, da cikakken jerin kwanukan cin abinci. Suna da kyau a ido amma sun cika ko'ina, kuma nauyinsu zai cinye ribar a kuɗin aikawa. Ni dai ba na taɓa mutum-mutumi, ko na mutane ko na dabbobi, kuma rashinsu bai taɓa rage mini komai ba.

3. Koyi hatimin Abuja

Wannan matakin shi ne dalilin da ya sa nake ganin ɗan Arewa ya fi kowa dacewa da wannan farauta. A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. A 1954 Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar. Turawan da suka yi aiki a Arewa, malamai da likitoci da ma'aikatan gwamnati, sun sayi kayan wurin sun koma da su gida. Yau tsofaffin nan suna rasuwa, 'ya'ya da jikoki na kwashe gidaje, kuma da yawansu ba su san mene ne wannan kofi mai duhu da ke bayan kabad ba.

Kayan Abuja masu nauyi ne da tauri, an gasa su da wuta mai ƙarfi. Launinsu yakan zama ruwan ƙasa mai duhu, ko baƙi-baƙi, ko toka-toka mai ɗan kore. Adon kuwa karce shi ake yi a jiki: layuka, ko ƙadangare, kunama, kifi, tsuntsu, hawainiya. Akwai kofuna marasa hannu, kwanukan miya, tukwanen dahuwa masu murfi, kwalaben mai masu murfin murɗawa, da manyan tuluna irin na Gwari.

Hatimin ƙarami ne, an danna shi cikin yumɓu tun yana ɗanye, yawanci a ƙasa ko kusa da gindin kayan: kalmar Abuja da haruffan Larabci. Mai sayarwa zai ɗauka wani zane ne kawai, ko ya ce maka daga Gabas ta Tsakiya aka kawo. Kai da ka yi makarantar allo kallo ɗaya ya ishe ka. Kusa da shi akwai haruffan wanda ya gina: LK na Ladi Kwali, MC na Cardew. Akwai kuma sauran magina irin su Halima Audu, Asibi Ido, Kande Ushafa, Lami Toto, Bawa Ushafa da Danlami Aliyu, kuma duk suna da masu nema. Ƙananan kayan da ke ɗauke da LK sukan kai ɗaruruwan fam, manyan tulunanta kuwa dubbai suke kaiwa a gwanjo.

Ba zan yaudare ka ba, kana iya yin shekara ba ka ci karo da ko ɗaya ba. Amma duba ƙasan kofi ba ya cin kuɗi. Idan Allah ya haɗa ka da babba, kada ka yi gaggawar saka shi a eBay. Ɗauki hotuna ka aika wa ɗakin gwanjon da ya ƙware a tukwanen hannu, yawancinsu kyauta suke ƙiyasta farashi.

Gargaɗi mai nauyi: kada wannan ya kai ka ga sa wani ya aiko maka da tsofaffin kayan ƙasa daga gida. Fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba laifi ne, kuma duk wanda ya tallata maka wai kan tsohon mutum-mutumin yumɓu na Nok ne, juya ka tafi. Ko dai jabu ne, ko na sata.

4. Haɗa kayan aiki

Ƙaramar tocila mai haske sosai, da tocilar UV mai shuɗin haske, da madubin ƙara girma. Dukansu ukun ba za su wuce fam 20 zuwa 25 ba. Ƙara da tsofaffin jaridu ko tawul, jaka mai tauri ko akwatin roba, da waya cike da caji. Kuɗi kuwa a hannu, tsaba da takardun fam 5, domin masu kasuwar fili ba kasafai suke da na'urar kati ko canji ba. Fam 40 zuwa 50 ya isa jarin fita ɗaya. In ya ƙare, ka koma gida.

5. Inda ake zuwa, da lokacin zuwa

Wuri na farko shi ne kasuwar bayan mota, wadda za ka ga an rubuta car boot a allunan gefen hanya. Mutane ke cika but ɗin mota da kayan gida su baje a fili, galibi ranar Lahadi da safe, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Kuɗin shiga fam 1 ne ko 2, na masu sammako ya ɗan fi haka. Biya na sammakon. Dillalai tun ƙarfe 6 suke wurin, kuma abin kirki ba ya kai ƙarfe 8. Da rani asuba na yi da wuri, saboda haka kana idar da salla ka kama hanya.

A cikin fili, wuce teburin da aka jera kaya tsaf da farashi a manne, wannan ɗan kasuwa ne irinka. Nemi iyalin da ke sauke kwalaye daga mota, ko masu kwashe gidaje da babbar mota. Durƙusa ka duba kwalayen da ke ƙarƙashin tebur, nan ake zuba abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba. Amma ka bar mutum ya sauke kayansa, kada ka cusa hannu cikin motarsa.

Shagunan ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam da British Heart Foundation, yanzu sun waye, suna duba farashi a intanet. Ƙananan shagunan ƙauyuka da na unguwannin tsofaffi sun fi ba da sa'a. A Facebook Marketplace kuwa, nemi tallan da aka rubuta a gurguje da hoto mara kyau, na wanda ke son a kwashe masa kaya yau.

Sai ƙananan ɗakunan gwanjo na gari, inda ake sayar da kwali guda cike da kaya iri-iri. Ana ganin jerinsu a shafin intanet na the-saleroom. Je ranar duba kaya ka taɓa da hannunka. Gargaɗi: farashin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba. Akwai la'adar gidan gwanjo, sau da yawa kashi 20 zuwa 30 cikin 100, da harajin VAT a kan la'adar. Idan ka ci kwali a fam 40, la'ada kashi 25, za ka biya fam 52. Manyan kasuwannin tsofaffin kaya irin na Newark da Ardingly da Kempton, ka je su don koyo, ba don araha ba.

6. Binciken kaya, bi da bi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma minti ɗaya ya isa in hannu ya saba. Kada ka tsallake ko ɗaya.

Da farko kifa shi ka duba ƙasa. Riƙe murfi da ɗaya hannun, don abin da ka fasa kai za ka biya. Nemi tambari, sa hannu, lamba ko hatimi. Kalmar England ita kaɗai tana nuna bayan 1891 aka yi shi, Made in England kuma ƙarni na 20 ne. W. Germany tsakanin 1949 da 1990. Duk abin da aka rubuta cewa yana shiga injin wanke kwanuka ko na ɗumama abinci, na baya-bayan nan ne. Idan ka ga an karce tambarin da gangan ko an huda shi, kamfanin ne ya ware shi a matsayin mai aibi, farashinsa ƙasa yake. Dubi zoben da kayan ke zama a kai: tsohon abu yana da goguwa ta gaske a nan. Ƙasa fari tas a jikin abin da aka ce ya shekara 90 abin tuhuma ne.

Na biyu, zagaya yatsa a baki, da hannu, da bakin buta, da gefen ƙasa. Yatsa na jin ɓantarar da ido bai gani ba.

Na uku, ɗora shi a tafin hannu ka ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayyen tangaran yana amsawa da ƙara mai tsawo. In ka ji sauti a dushe, akwai tsaga ko gyara. Tukwanen hannu masu kauri ba sa ƙara sosai ko da lafiyarsu ƙalau, saboda haka kada ka dogara da wannan kaɗai.

Na huɗu, haska tocila daga ciki da kuma ta gefe. Tsaga siririya kamar gashi a nan take bayyana. Bambanta ta da ƙananan zane-zane kamar saƙar gizo da ke saman sheƙin tsohon kaya: wannan tsufa ne, yana rage farashi kaɗan, amma tsagar da ta ratsa jiki tana iya cinye fiye da rabi.

Na ƙarshe, tocilar UV, a inuwa ko cikin jakarka. Wurin da aka liƙe ko aka sake fentawa yakan fito da wani launi daban. Na koyi wannan da kuɗina. Wata safiya mai hazo na sayi babban farantin Poole ina murna, sai da na wanke shi a gida ruwan ɗumi ya nuna mini layin gam daga gefe zuwa gefe. Mai yiwuwa wanda ya sayar mini ma bai sani ba. Tun ranar ban sake fita babu tocilar ba.

7. Duba farashin gaske, ka yi lissafi

Koma gefe da kayan a hannunka, kada ka ajiye, wani zai ɗauke. Buɗe eBay, rubuta sunan kamfani da siffar abin, sannan ka zaɓi a nuna maka kayan da aka riga aka sayar kawai. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami: suna ganin wani ya sa fam 200 sai su ɗauka farashin ke nan. Kowa na iya neman abin da ya ga dama, wanda aka biya shi ne farashi. Dubi ciniki uku ko huɗu na baya-bayan nan, ka ɗauki na tsakiya. Google Lens, manhajar da ke gano abu ta hotonsa, na taimakawa wajen gano suna in babu tambari, amma yana yawan kuskure, kada ya zama alƙalinka.

Ga misalin lissafi. Tulu yana fita a fam 45. Cire kimanin fam 7 na la'adar dandali, fam 5 na aikawa in kai za ka biya, fam 2 na kwali da ledar ƙunshi. Saura 31, ba a cire man mota da kuɗin shiga ba. Ƙa'idata ita ce ba na biyan fiye da kashi ɗaya cikin uku na farashin sayarwa, kuma abin da ribarsa ba za ta kai fam 10 ba, ba na ɗauka. Wahalar ƙunshe kofin fam 8 daidai take da ta tulun fam 80.

8. Ciniki

Tayin kasuwar Kurmi ba ya aiki a nan. Wanda aka ce masa fam 10 ya taya 2, zai ga an ɗaure fuska an karɓe kaya. Gaisa, tambayi farashi, sannan ka ce nawa ne na ƙarshe. Na fam 10 yakan sauka zuwa 7 ko 8. Haɗa abu uku ko huɗu ka nemi farashi ɗaya, ya fi saurin samun sallama. Na rabin fam ko fam 1, biya kawai. A shagon agaji ba a ciniki. Kuma kada ka kushe kaya ko ka ce wa mutum abinsa banza ne alhali ka san ba haka ba ne. Shi ya yanka farashinsa, ka biya ka yi godiya.

9. Wanki, hoto da talla

Shimfiɗa tawul a cikin roba, zuba ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka wanke ɗaya-ɗaya da tsumma mai laushi. Ban da bilic, yana shiga ƙarƙashin sheƙi ya ɓata shi daga baya. Ban da soson ƙarfe, ban da injin wanki. Mai ruwan zinariya a baki, shafa kawai. Kada ka cire tsohuwar takardar kamfani da ke manne, tana ƙara daraja.

Ɗauki hoto kusa da taga da rana, a gaban farin bango: gaba, baya, ciki, ƙasa da tambarin a fili, da kowane aibi dab da dab. A rubutun talla sa sunan kamfani, lambar siffa, tsawo da faɗi a santimita. Faɗi kowace ɓantara da tsaga. Ɓoye aibi algus ne, kuma ko ta fuskar kasuwa asara ce, domin mai saye zai maido da kaya a kan kuɗinka. Tsofaffin kaya masu kaifin ja ko ruwan lemo wasunsu na da dalma a sheƙinsu, ka rubuta cewa na ado ne.

Tun da fatauci kake yi, buɗe asusun ɗan kasuwa a eBay, ka kuma san cewa doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa. Etsy na karɓar abin da ya shekara 20 ko fiye a matsayin tsohon kaya, farashi yakan fi kyau a can amma kaya sun fi daɗewa.

10. Ƙunshewa da aikawa

Raba murfi da jiki, kowanne ƙunshinsa daban. Cika cikin tulu da takarda, naɗe hannu da bakin buta da kansu, sannan ka naɗe duka da ledar kumfa ninki uku. Saka a ƙaramin kwali, shi kuma a cikin babba, da tazarar santimita 5 ta kowane gefe cike da takarda. Girgiza shi kusa da kunnenka: in ka ji motsi, buɗe ka ƙara. Ƙaramin ƙunshi a Royal Mail iyakarsa kilo 2, saboda haka auna kaya da kwalinsu kafin ka rubuta kuɗin aikawa a talla. Karanta sharuɗɗan kamfanin da za ka ba wa, da yawansu ba sa biyan diyyar tangaran in ya fashe a hanya. Abu mai tsada sosai, gara mai saye ya zo ya karɓa, ko ka kai shi ɗakin gwanjo da kanka.

Kayan da suka yi wata uku ba su fita ba, rage musu farashi sau ɗaya. In sun ƙi, tara su a kwali, ka biya kuɗin fili a kasuwar bayan mota wata Lahadi ka sayar da su ko a kuɗin da ka saya, ka maida jarin cikin fita ta gaba.